Motsi ma magani ne

Yara, kun taɓa lura da ƙofar ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba? Ran da aka zo buɗe ta, sai ta cije, ta yi ta ƙara. Gaɓoɓin jikinmu ma haka suke. Gaɓar da ta daɗe ba ta motsa ba, sandarewa take yi.

Yadda jiki ke motsi

Babban mutum yana da ƙashi 206 a jikinsa. Wurin da ƙashi biyu suka haɗu shi ne gaɓa: gwiwa, kafaɗa, wuyan hannu, idon sawu. Ƙashi ba ya motsa kansa. Tsoka ce ke jan sa, kamar yadda igiya ke jan guga. Tsokokin jikinmu sun fi 600. Ku tanƙwara hannu ku taɓa damtsenku. Abin nan mai tauri da kuka ji, tsoka ce a bakin aikinta.

Bayan an kwance ɗori

A ce yaro ya hau iccen mangwaro, reshe ya karye, ya faɗo a kan hannunsa. An kai shi gidan likita. An ɗauki hoton ƙashin, an ga karaya kusa da gwiwar hannu. Lokotoro ya gyara ƙashin, ya ɗaure hannun da farin abin nan mai daskarewa da mutane ke ce wa siminti. Bayan sati 4 zuwa 6 aka cire. Ƙashi ya haɗe, kowa na murna.

Amma duba hannun! Ya rame, bai kai ɗan'uwansa kauri ba. Ba ya miƙewa sosai, ba ya kai loma baki. Me ya sa? Tsokar da ba ta aiki ramewa take yi, gaɓar da aka ɗaure kuma ta cije.

Yara da yawa suna warwarewa cikin ƴan makonni, domin suna wasa, suna amfani da hannun. Amma wani yaron tsoron zafi yake yi. Sai ya ɓoye hannun cikin riga, ya bar ɗayan yana yin kome. In watanni suka wuce a haka, hannun yana iya zama a tanƙware. Riƙon alƙalami ya yi wuya, riƙon hauya ma haka.

Wasu iyaye kuma gaggawa suke yi. Su kama hannun su ja da ƙarfi, ko su ba yaro bokiti cike da ruwa ya ɗauka, wai don hannun ya miƙe. Wannan kuskure ne. Gaɓar da aka ja da ƙarfi kumbura take yi, ta ƙara cijewa.

Aikin kine

A manyan gidajen likita akwai ma'aikacin da ya koyi warkarwa ta hanyar motsa jiki. A ƙasarmu ana ce masa kine. A Najeriya kuma ana kiran aikinsa gashin ƙashi, ko da yake ɗumama wurin ciwo kaɗan ne daga cikin abin da yake yi. Ba ya fiɗa. Kayan aikinsa su ne hannuwansa, da ƙwallo, da igiya, da ƴar jakar rairayi, da ƙarafa biyu na dafawa a koyi tafiya.

Da farko yana auna iyakar inda gaɓa ke kaiwa, ya rubuta. Sa'an nan ya nuna wa yaro motsin da zai yi da kansa: ya miƙe hannu, ya tanƙwara, ya matsa ƙwallo, ya taɓa kafaɗa. Ana yi a hankali, ana tsayawa inda zafi ya fara tsanani. Yakan ba da aikin gida, kamar yadda malam ke ba ku. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi mai yawa rana ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Su wa ke zuwa wurinsa?

Wanda wuta ta ƙona. Fatar da ta ƙone tana tsukewa in tana warkewa. In ba a motsa wurin ba, yatsu suna iya manne wa juna.

Jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe. Ana miƙe ta sannu-sannu da siminti, ana sakewa kowane sati. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka kada a jira yaro ya fara tafiya. A Yamai akwai asibitin yara na CURE, wanda aka buɗe a 2010, inda ake irin wannan aiki.

Wanda shan-inna ta taɓa. Kine ba ya mayar da tsokar da ta mutu, amma yana hana ƙafa ƙanƙancewa, yana koyar da tafiya da sanduna ko da takalmin ƙarfe. Maganin shan-inna na gaskiya shi ne rigakafin da ake ɗiga wa yara a baki.

Tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye. Ana juya shi bayan kowace awa 2 don kada kwanciya ta ci masa fata. Ana motsa masa hannu da ƙafa kullum. A nan jikoki ma suna da aiki: kine ya nuna muku, ku riƙa yi wa kaka da safe da marece.

Rigakafi ya fi magani

Tun 1975 da aka fara kokowar takobi a Tawa, mutanen ƙasarmu suke kallon manyan ƴan kokowa. Ku lura da su. Kafin su kama juna sai sun taka, sun yi tsalle, sun girgiza hannuwa. Jiki mai ɗumi ba ya saurin jin rauni. Ku ma, kafin ƙwallo ko langa, ku yi ɗan gudu na minti 5 zuwa 10.

Ga kuma ɗaukar kaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan bido mai lita 25 ya kai kilo 25, ya fi ƙarfin ƙaramin yaro. Ku raba ruwan biyu, ko ku kama da wani. In za ku ɗaga abu daga ƙasa, ku durƙusa, ku jawo shi kusa da jiki, ku miƙe da ƙarfin ƙafafu. Kada ku sunkuya ku fizga da baya.

In abokinku ya yi targaɗe:
1. Ya bar wasan nan take.
2. A sa wa wurin tsumma mai ruwan sanyi.
3. A ɗaga ƙafar a kan wani abu.
4. Kada a murza, kada a gasa a kwana biyu na farko.
5. In ya kasa taka ƙafar, a kai shi gidan likita.

Abu ɗaya kuma ba ya jira. In an ɗaure karaya, ko da karan ɗori ko da siminti, sai yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, ko yaro ya daina jin su, ɗaurin ya matse jini ke nan. A gaya wa manya, a tafi gidan likita nan da nan, ko da dare ne. Jinkiri yana iya sa a rasa hannun.

Tambayoyi
1. Mece ce gaɓa? Kawo misali uku.
2. Me ya sa hannu ke ramewa cikin siminti?
3. Don me ba a jan gaɓa da ƙarfi?
4. Kilo nawa ne nauyin ruwan bido mai lita 20?

Aiki
Ku fita fili biyu-biyu. Kowa ya nuna wa abokinsa yadda ake ɗaga tulu daga ƙasa. In kun koma gida, ku nuna wa ƙannenku.