Filin Manoma: Zaɓen Taya Domin Akori-Kurar Gona

A da in an yi zancen kayan aikin manomi, sai a ce fartanya da garma da lauje, in ya yi ƙarfi a ƙara da shanun huɗa da amalanke. Yanzu kuwa manyan manoma da ƙungiyoyin gama kai da yawa sun mallaki akori-kura. Ita ke kai taki gona da bazara, ita ke kwaso amfani da kaka ta kai shi Dawanau ko wata kasuwar hatsi. Amma mota kome ƙarfin injinta, da taya take tafiya. Taya guda in ta fashe a dawa da buhun tumatir ko kwandon tattasai a baya, kafin a samo mai faci rana ta gama da kayan.

Tayoyin irin wannan mota kashi uku ne, kuma akan rubuta alamar kowane kashi a gefen tayar. Akwai mai alamar H/T, ita ce ta kwalta, zanenta ƙanana ne. Akwai mai alamar M/T, ta taɓo, mai manyan haƙora da ramuka masu faɗi a tsakaninsu. Sa'an nan akwai ta tsakiya mai alamar A/T, wadda aka yi domin ta bi kwalta ta kuma bi burji da rairayi. Kamfanin BFGoodrich na Amurka ya fito da irinta tun 1976, yanzu kuwa Bridgestone da Dunlop da Yokohama da Maxxis duk suna yin tasu. Ita ce ta fi dacewa da yawancin manoma, tun da yake hanyar manomi rabi kwalta ce rabi turba.

To, a nan ne ake yin kuskure. Mutum ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya ga taya mai haƙora gatsa-gatsa, sai idonsa ya rufe, ya ce wannan ita ce mai ƙarfi. Ba girin-girin ba dai ta yi mai. Su kansu tayoyin A/T ba ɗaya suke ba, wata ta karkata wajen kwalta, wata wajen dawa. Abin da ya kamata ya fara tambayar kansa shi ne, wace irin ƙasa motar nan za ta riƙa takawa kullum?

Manomin da ke jigawa, kamar wajajen Daura da Gumel da Nguru har zuwa Maraɗi, rairayi ne abokin gabansa. Taya mai manyan haƙora haƙa rairayi take yi, tana haƙawa mota na nutsewa har cikinta ya zauna a ƙasa. Shi mai matsakaicin zane ta fi masa, wadda za ta hau kan rairayi ta danne shi ta wuce. Manomin fadama kuwa, da mai noman masakwa a baƙar ƙasar nan ta firki wajen Dikwa, laka ce ke damunsu. Laka takan cika ƙananan zane, taya ta koma sumul kamar an shafe ta, tana ta juyawa wuri guda. Su sai mai ramuka masu faɗi, wadda ke watsar da laka tana tafiya. Amma a sani, irin wannan tana da ƙugi a kan kwalta, tana ƙara shan mai, kuma birkinta a kan jiƙaƙƙiyar kwalta bai kai na mai ƙananan zane ba. Wanda ba ya shiga taɓo sai sau biyu ko uku a damina, bai kamata ya ɗauki wannan ɗawainiya shekara guda cur ba.

Akwai wani abu da ya fi zane muhimmanci ga motar gona, watau kaurin gefen taya. Masu faci sun sani, hujin da aka yi a bisa zane ana iya toshe shi a ci gaba da aiki, amma taya in ta yage a gefe ta tashi aiki, ko an liƙe ba a amince da ita. Gefen nan kuwa shi ƙayar aduwa da ta bagaruwa ke samu, shi tushiyar karan dawa ke soka bayan girbi, shi duwatsun Jos da tsinin marmara ke yanka. Saboda haka a nemi tayar da aka rubuta wa LT, ko wadda ke da harafin C bayan lambar girmanta, kamar 205 R16C. Waɗannan domin ɗaukar kaya aka yi su. A kansu akan ga 6PR ko 8PR ko 10PR, watau ƙarfin jikinsu daidai da rufi shida ko takwas ko goma na tayoyin da. Mai 8PR ta ishi yawancin akori-kura. Mai 10PR ta fi jimiri, sai dai tana da nauyi da tauri, in babu kaya a baya direba zai ji hanya a ƙugunsa.

Rubutun gefen taya ba ado ba ne. A ɗauki misalin 265/65 R17 112S, wanda ake gani a kan Hilux da yawa. Faɗin tayar milimita 265 ne, tsawon gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, kuma tana hawa ƙarfe mai inci 17. Lambar 112 ita ce ta nauyi, ma'anarta taya guda na ɗaukar kilo 1,120. In 110 ce, kilo 1,060 ke nan, in 108 ce, kilo 1,000. Harafin S na gudu ne, kilomita 180 a awa, wannan bai dami manomi ba. Lambar nauyi ita ce tasa, kada ya sayi wadda ta gaza abin da masu motar suka rubuta a jikin ƙofar direba.

Ko da taya ta cika sharaɗi, akori-kura irin wannan kayan da aka ƙayyade mata bai wuce kamar tan ɗaya ba, har da mutanen da ke ciki. Buhun masara goma mai kilo 100 ke nan, ko buhun taki ashirin. Ga shi kuwa ran kasuwa sai a ga an labta mata buhu ashirin na masara, yaran mota uku sun hau bisa. Yawancin nauyin nan tayoyin baya biyu ke sha. Taya in kaya sun fi ƙarfinta, gefenta yakan yi ta lanƙwashewa yana miƙewa, ta ɗau zafi, ga zafin kwalta na watan Afrilu, sai a ji ƙara kamar bindiga.

Sai zancen shekaru. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yi a Ikko a 2008, kasuwa ta koma dogara ga tayoyin da ake shigowa da su, a ciki har da na gwanjo. Roba kuwa tsufa take yi ko ba a hau ta ba. A gefen kowace taya akwai layin da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ke faɗin lokacin da aka yi ta. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Michelin da kansa ya ce taya in ta shekara biyar a aiki a riƙa duba ta kowace shekara, in ta cika goma a cire ta ko da zanenta na nan. Ta gwanjo kuwa babu wanda ya san ramukan da ta faɗa a ƙasar da ta fito. Araha ba ta ado, balle ga motar da ke ɗauke da guzurin shekara.

In an saya, a sa iri ɗaya girma ɗaya a ƙafa huɗu, musamman ga mota mai ja da ƙafa huɗu, domin bambancin girma yana wahalar da giyarta. A auna iska da safe kafin mota ta motsa, a bi adadin da ke jikin ƙofa, wanda yakan nuna na lokacin kaya dabam. In za a ratsa rairayi mai zurfi ana iya rage iska kamar sulusi, tayar ta ƙara shimfiɗa, a tafi sannu, amma lalle a mayar da ita kafin a hau kwalta, don haka famfo ya zauna cikin mota. Safaya ma a saye ta tare da sauran huɗun, a riƙa auna ta ranar da ake auna su.