Fassarar Na'ura da Rubutun Hausa na Boko

A watan Janairu na 1954 masanan Jami'ar Georgetown da kamfanin IBM a Amurka suka nuna wata kwamfuta wadda ta juya jimloli sama da 60 daga Rashanci zuwa Ingilishi. Kalmomi 250 kaɗai aka ba ta, da ƙa'idojin nahawu 6. A lokacin an zaci aikin zai kammala cikin 'yan shekaru. Amma a 1966 kwamitin da gwamnatin Amurka ta sa ya duba al'amarin ya ba da rahoto cewa fassarar na'ura ta fi ta mutum tsada, ba ta kuwa kai ta inganci ba, sai aka janye yawancin kuɗin bincike.

Daga baya aka sake hanya. Maimakon a tsara wa na'ura ƙa'idoji, sai a tara mata ɗimbin rubuce-rubuce waɗanda mutane suka riga suka fassara, ita kuma ta ƙididdige wace magana ce ta fi zuwa daura da wace. Bisa ga wannan hanya Google Translate ya fara aiki a 2006, aka shigar da Hausa cikinsa a watan Disamba na 2013. Daga 2016 aka soma komawa ga wani tsari wanda aka kwaikwayo daga jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wanda yakan ɗauki jimla ɗungum, ya auna kowace kalma da maƙwabtanta. Duk da haka tushen bai sake ba, watau abin da na'ura ta sani na harshe, daga rubutu ta same shi. To, a nan ne yanayin rubutun boko ya zama abin dubawa.

Na farko, boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun nuna su, amma littattafai da jaridu ba su bi wannan ba, don Bahaushe yakan cike giɓin da kansa sa'ad da yake karatu. Kalmar "gari" tana iya zama mazaunin mutane, tana iya zama na tuwo. "Fari" launi ne, rashin ruwan sama ne kuma. Wanda ya fi waɗannan nauyi shi ne "ya tafi". In an ja wasalin "ya" da sauti sama, tafiyar ta auku. In an gajarta shi da sauti ƙasa, umurni ne ko izini. In kuwa sautin ya faɗo daga sama zuwa ƙasa, tafiyar tana gaba. A takarda duka ukun ɗaya ne, sai na'ura ta yi kirdado daga abin da ke kewaye.

Na biyu, baƙaƙe masu ƙugiya. Tun zamanin Hukumar Talifi ta Zariya, cikin shekarun 1930, aka tsayar da ɓ, ɗ da ƙ, amma da yawa daga masu rubutu da waya ba su sa su. Ta haka "ƙafa" da "kafa" suka zama ɗaya, haka "ƙasa" da "kasa". In aka haɗa da rashin raba kalmomi daidai, "bata" za ta iya zama "ɓata" ko "ba ta". Har wa yau, sautin da Nijeriya ke rubutawa 'y, Nijar ƴ take rubuta shi.

Na uku, akwai abin da Hausa ke bukata wanda Ingilishi bai faɗa ba. Ingilishi yana da kalma ɗaya ta wanda ake magana da shi, Hausa kuwa tilas ta zaɓa tsakanin "kai" da "ke" da "ku". Haka nan "likita ya ce" ko "likita ta ce". Inda jimlar asali ba ta bayyana ba, na'ura takan karkata ga wanda ya fi yawa cikin abin da ta karanta. Saboda haka sanarwar da aka shirya domin masu juna biyu tana iya fitowa tana ce musu "ka". Daɗin daɗawa ga fi'ilai irin su "ci", wanda ma'anarsa ke sakewa daga cin tuwo zuwa cin jarrabawa, da cin bashi, da cin amana.

Haɗarin da ke cikin tsarin na yanzu shi ne Hausarsa takan fito sumul ko da ma'ana ta kauce, mai karatu kuwa ba shi da asalin da zai gwada. In labarin wasa ne, hasarar kaɗan ce. In awon magani ne, ko ranar rufe rajista, ko sharaɗin rance, lalle ya kamata ma'aikatar da ta miƙa takardarta ga na'ura ta sa wanda ya san harsunan biyu ya bi ta layi layi kafin ta isa ga jama'a, gama alhakin yana wuyanta.

Malaman kwalejojin horon malamai suna da nasu rabo. Ɗalibin da aka koya wa sa ƙugiya da raba kalmomi, shi zai koyar da yara, rubutunsu kuwa shi ne na'urorin gaba za su karanta. Yana da amfani kuma a riƙa kawo fassarar na'ura cikin aji tare da asalinta, a sa ɗalibai su nemo inda ta kauce, su faɗi dalili ta fuskar nahawu. Ɗalibin da ya iya bayyana abin da ya raba "ya tafi" guda uku, ya fahimci karin sauti fiye da wanda ya haddace ma'anarsa.