Ya Bugu: Wa Ya Buge Shi?

Wata ranar kasuwa a Augie, muna zaune a benci bakin tasha, sai ga wani saurayi yana tangaɗi, takalminsa ɗaya a hannu. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Wanga yaro ya bugu." Jikansa ya ɗago ido: "Kaka, wa ya buge shi?"

Aka yi dariya, amma jikan bai yi kuskure ba. Daga "buga" aka samo "bugu", kamar yadda "dafa" ta haifi "dafu", "gyara" ta haifi "gyaru". Wannan wasalin na ƙarshe yana nuna aiki ya kai maƙura. Tuwo ya dafu, ɗan dambe ya bugu, mashayi ma ya bugu. Ke nan tun asali Bahaushe kallon wanda aka lakaɗa wa duka yake yi wa mai maye, sai dai bai ambaci mai dukan ba.

Abin ya juya ta ɗaya gefen ma. Wanda aka doka cewa muke "ya sha kashi" ko "ya sha duka", sai ka ce a ƙwarya aka miƙa masa. In abin ya yi tsanani, an yi masa lilis, ko dukan kawo wuƙa, wato saura yanka. Mai maye kuwa ya yi tatul, ya yi mankas. Samarin yanzu, da ƙwaya da kodin suka fi yi wa ɓarna fiye da burkutu, cewa suke "ya yi caji", kamar wayar hannu. Ni dai wannan kalmar ba ta kwanta mini ba, don tana sa wa faɗuwa rigar ƙarfi. Ba banza ba gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018.

Turawan Ingila ma hanya ɗaya suka bi. Sukan ce mutum ya zama hammered, wato an sa masa guduma, ko battered, an jibge shi. Da kalmomin nan suke kwatanta wanda ya fito mashaya yana layi, da su kuma suke kwatanta ƙungiyar ƙwallon da aka zura wa biyar ba ko ɗaya.

A nan Kabi, inda aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, ma'anonin biyu kan haɗu a bayan mutum guda, domin haddin shan giya a mazhabar Malikiyya bulala 80 ne.