Ko Kun Sani?

Ivan Aivazovsky, mai zanen nan na Rasha da aka haifa a 1817 a garin Feodosiya da ke gaɓar Bahar Aswad, ya bar zane kusan 6,000, akasarinsu na teku. Abin mamaki, ba a bakin ruwa yake zama ya yi su ba. Yakan ƙura wa teku ido, ya ɗan zayyana da fensir, sannan ya koma ɗaki ya zana da ka, don a ganinsa igiyar ruwa ba ta jiran mai zane. Fentin kuwa tsinkakke yake shafawa, shafi kan shafi, har hasken ƙasa ya riƙa ɓullowa ta cikin koren ruwan, sai ka ce rana ce ta ratsa shi.