Yadda adireshin fayil ya salwantar da muryar wata mata daga Yasore

A watan Satumban 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana, domin daƙile 'yan bindigar da ke fakewa a dajin Rugu.

Watanni aka kwashe wayoyi na hannu, amma babu kira babu saƙo. Duk mai labari daga Yasore ko Wagini ko Runka sai ya yi tattaki zuwa inda akwai sabis kafin ya aika.

A lokacin ne ni da wani abokin aikina muka riƙa karɓar saƙonnin murya ta WhatsApp daga mutanen yankin. Wani ya faɗi shanun da aka kora masa, wata ta faɗi gonar da ta bari gero na tsaye.

Da aka samu natsuwa, sai muka ce bari mu tara su wuri ɗaya. Wani matashi ya rubuta mana 'yar gajeriyar manhaja da harshen Python, wadda za ta kwashe fayilolin wayoyinmu biyu ta zuba su a folda guda. Muka kunna ta a waya, ta gama cikin ƙiftawar ido, ba ta yi ƙorafin komai ba.

Sai daga baya na nemi muryar wata dattijuwa daga Yasore na rasa. A gurbinta akwai muryar wani mutum daban. Ba mu ajiye kwafi ba, lambar da ta turo saƙon kuma ba ta sake shiga ba har yau.

Me ya faru?

WhatsApp na raɗa wa saƙon murya suna ne da kwanan wata da lamba, kamar PTT-20211012-WA0001.opus. Kowace waya da nata lissafin, kuma kowace rana yana farawa daga farko. Don haka wayoyi biyu za su iya samun fayil mai suna iri ɗaya, alhali abin da ke ciki daban.

A kan Windows, idan manhajar Python ta yi yunƙurin sauya wa fayil wuri zuwa sunan da wani ke riƙe da shi, sai ta tsaya ta nuna kuskure. A kan Linux da Android kuwa, sabon yana hawa kan tsohon ne shiru, ya shafe shi.

Matashin a Windows ya gwada manhajarsa. Mu kuma a Android muka yi aiki da ita.

Kwatance da takarda, kwatance da ɗan jagora

Kowane fayil yana da adireshi, kamar yadda ake kwatanta gida: jiha, ƙaramar hukuma, gari, unguwa. Shekara da shekaru, masu rubuta Python suna ɗaukar wannan adireshi a matsayin jerin haruffa kawai, su yanka su liƙa da hannu.

Matsalar farko ita ce alamar da ke raba folda da folda. Linux da Android da kwamfutocin Apple suna amfani da sanda mai karkata gaba, wato /. Windows kuma ta saba da mai karkata baya, wato \. Asalin wannan tun 1983 ne, lokacin da MS-DOS 2.0 ta shigo da tsarin folda, ta tarar an riga an ba alamar / wani aikin.

A Python kuwa, alamar \ tana da nata sirrin. Idan ta haɗu da harafin n, ma'anarta "sauka sabon layi". Idan ta haɗu da t, ma'anarta "bar tazara".

Ke nan wanda ya rubuta "D:\nazari\tambayoyi" ya riga ya ɓata adireshinsa ba tare da ya sani ba, domin n ɗin nazari da t ɗin tambayoyi sun tashi daga haruffa. Kwamfuta za ta ce babu wannan folda, shi kuma yana kallonta da idonsa.

A shekarar 2014, cikin Python 3.4, aka shigo da wani kunshi mai suna pathlib, bisa shawarar da wani masanin manhaja, Antoine Pitrou, ya gabatar. Shi kansa harshen Python, Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ne ya fitar da shi a 1991.

Abin da pathlib ya sauya shi ne, adireshi ya tashi daga rubutu zalla ya zama wani abu mai sanin kansa. Bambancin kamar na takardar kwatance ne da yaron unguwa da aka haɗa ka da shi. Takarda ba ta amsa tambaya. Yaro kuwa za ka iya tambayarsa ko gidan na nan, ko akwai mutane a ciki.

Yadda yake aiki

Ana fara wa ne da tushe, sannan a jera sauran:

tushe = Path("D:/nazari")
gari = tushe / "Batsari" / "Yasore"

Python ce za ta sa alamar da ta dace da na'urar da ake kai. Idan aka koma waya, inda ma'ajiyar Android kan fara da /storage/emulated/0, layin tushe kaɗai za a gyara, sauran su zauna yadda suke.

Daga nan sai tambayoyi. Idan ka rubuta fayil.name, za a ba ka sunansa. Idan ka ce fayil.suffix, za a ba ka wutsiyarsa, kamar .opus ko .jpg, ko da sunan na ɗauke da ɗigo uku. Shi kuma fayil.parent yana nuna foldar da yake zaune.

Umarnin gari.mkdir(parents=True, exist_ok=True) yana gina folda da duk na samanta, ba ya kuma tada hankali idan ya tarar da ita. Sai tushe.rglob("*.opus"), wanda ke bin kowane lungu ya zaƙulo saƙonnin murya.

Wanda ya fi min ciwo shi ne sabo.exists(). Tambaya ce guda: akwai wani a wannan gurbin? Gaskiyar magana, pathlib ma zai shafe fayil a Android idan ba a yi masa wannan tambaya ba. Amma ya mayar da ita 'yan haruffa, ya kuma sauƙaƙa maganin: a ɗauki sunan foldar wayar da fayil.parent.name, a liƙa a gaban sunan fayil ɗin da with_name. Layi biyu ke nan, kuma da muryar dattijuwar nan tana nan.

Ƙugiya da waƙafi

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin nasa tarkon. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba sa cikin tsohon tsarin haruffan da Windows ta daɗe tana ɗauka idan ba a faɗa mata komai ba. Jerin sunayen da aka rubuta a waya zai iya buɗewa a kwamfuta Ɗanmusa ya koma tarkace.

Maganin shi ne a riƙa faɗa ƙarara: fayil.read_text(encoding="utf-8").

Haka kuma, Windows na ganin Yasore da yasore abu ɗaya ne, Linux kuwa folda biyu take gani. Windows ba ta yarda da alamomi irin su : da ? da * a sunan fayil, don haka rubuta lokaci kamar 10:30 cikin suna kan jawo cikas.

Akwai kuma abin da babu manhajar da za ta warware. Wani zai rubuta 'Yargamji, wani Yar Gamji, wani Ƴargamji. A wurin kwamfuta garuruwa uku ne. Sai masu aikin sun zauna sun tsayar da rubutu ɗaya kafin a fara.

Wa abin ya shafa?

Ba 'yan jarida kaɗai ba. Matasan da ke ɗaukar bayanan 'yan gudun hijira da manhajoji irin su KoboToolbox da ODK suna komawa gida da tarin hotuna da takardu. Haka ma'aikatan asibitocin karkara, da malaman da ke ɗaukar hoton rajistar ɗalibai saboda tsoron gobara ko hari.

A inda aka ƙona gida da takardunsa, hoton takardar gona da ke cikin waya zai iya zama shaidar da ta rage wa iyali.

Ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da waɗanda suka shiga shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023, su ne za a riƙa kira su rubuta irin waɗannan manhajoji. Kunshin pathlib yana zuwa ne tare da Python, ba sai an sauke komai ba, kuma ana iya gwada shi a waya ta Pydroid 3 ko Termux.

Ni dai yanzu dokokina uku ne. Ba na kunna manhaja a kan asalin fayil, sai a kan kwafi. Ina sa ta fara nuna min abin da za ta yi kafin ta taɓa komai. Sannan ina ƙirga fayiloli kafin aiki da bayansa, idan lissafi bai zo ɗaya ba, ba na goge komai.

Abin da dattijuwar ta faɗa, ɗan abin da na rubuta a littafina ne kawai ya rage: sunan garinsu, da cewa ta baro gero bai isa yanka ba.