Ledar Da Ke Ɗigar Da Wuta A Sararin Samaniya

Ana naɗe wayoyin tauraron ɗan'adam da Kapton, wata siririyar leda mai ruwan zuma da kamfanin DuPont ya fito da ita a shekarun 1960. Aikinta tare wutar lantarki. Amma a yankin radiyeshon na Van Allen da ke kewaye da duniya, wanda aka gano a 1958, ƙwayoyi masu tsananin gudu suna ratsa ledar, su fizge ilektiron daga mazauninsu. Da zarar sun saku sai su shiga yawo, ledar ta fara ɗigar da wuta. Ko radiyeshon ya lafa, ba nan take take komawa daidai ba, domin wasu ilektiron sun maƙale a cikinta, a hankali suke fita.

Wannan ɗigar tana da rana, domin tana hana caji taruwa a ledar. Ita kuwa ledar Teflon, da ke riƙe caji tamau, takan tara shi har ya yi tartsatsin da zai lalata na'ura.