Ƙari a kan lanho don lafiyar mata masu ƙaramin ƙarfi

Kowa ya san lanho tilas ne. Amma akwai ƙasashen da ake ba mai biya damar ƙara wani abu da son ransa, ya kuma faɗi aikin da za a yi da shi. A jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, takardar lanho tana da layi-layi na asusu dabam-dabam. Ɗaya daga cikinsu na binciken ciwon dajin nono ne. Mutum yana iya ba da ko dalar Amurka ɗaya. Wanda bai ba da ba, ba ya da laifi.

Irin wannan asusu zai iya ɗauke wa mace talaka kuɗin awon ciki, da haihuwa a likita, da maganin tazarar haihuwa. Sai dai yana da rauni. Shekarar da hannun mutane ya kama, asusu ya cika. Shekarar da damina ta ɓaci, sai ya rame, alhali naƙuda ba ta jiran kaka.

A nan Nijar gwamnati ta bi wata hanya. A 2005 ta ce fiɗar haihuwa kyauta ce. A 2006 aka ƙara da awon ciki, da maganin tazarar haihuwa, da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5. Likita kan yi aikin, gwamnati ta biya daga baya. Biyan nan ya riƙa jinkiri ƙwarai, har magani ya yanke a wurare da dama. Ga kuma abin da kyautar ba ta haɗa da shi ba: man motar da za ta kai mai naƙuda daga ƙauye zuwa babbar likita.

Don haka a yankin Dosso da kuma Keita cikin jihar Tahoua aka gwada ɗora dala 20 a kan kowane mai zuwa ganin likita, ana tarawa don man motar. Wannan ba ganin dama ba ne, amma ya fi kama da zamanmu, tun da manomi ba ya cika takardar lanho, hannun maigari yake biya.

Idan aka kawo muku maganar irin wannan asusu a garinku, ku tambaya tun kafin ku sa hannu aljihu: wa zai riƙe kuɗin, kuma yaushe za a karanta lissafi a gaban jama'a? Ku nemi a sa mata cikin kwamitin.